Wa Ke Taɓa Tauraron Delmas Kilgo?

An ce wai Delmas Kilgo ya kori matarsa Nadine daga ɗaki, ya jera sandunan fatsarsa a kan gado, ya lulluɓe su da bargo, ita kuwa ya ce ta je ta kwana a gareji. Har an ce wai kowace sanda ya saya mata matashin kai. Maganar ta zaga gaɓar tafkin Guntersville, tun daga shagon Mis Earline mai sayar da kayan kamun kifi har bayan coci, kuma duk bakin da ta shiga sai ta fito da ƙiba. To, ƙarya ce. Duk wanda ya san Nadine ya san ba a haifi namijin da zai kai ta gareji ba. Sandunan ba su hau gado ba, ƙarƙashinsa suka shiga. Kuma ba duka ba ne, biyu ne kawai. Kuma Delmas ne ya koma kwana a kujerar falo, don Nadine ta ce ko ita ko ƙarnin kifi. Wanda ya fara yaɗa zancen wani taubashinsa ne, ɗan Anti Lorene, mutumin kirki mai ƙaunar gaskiya, sai dai idan gaskiyar ta zo masa a rame yakan ɗan ba ta abinci kafin ya sake ta.

Abin da ya kai sanduna ƙarƙashin gado shi ne, Delmas ya gano wani na taɓa masa injin naɗe zare da ke jikin sanda. Binciken da ya shiga a kan wannan kuwa, saura ƙiris ya raba shi da Tolbert Haney, mutum ɗaya tak a duk jihar Alabama da ya iya zama da shi cikin jirgi tun safe har yamma bai ji sha'awar faɗawa ruwa ba.

Zargi dai da shi aka haifi Delmas. Dangi sun ce ranar da aka miƙa shi ga uwarsa, sai da ya ƙare mata kallo sama da ƙasa kafin ya yarda ya kama nono. Ya girma, ya yi aikin gyaran injina a wani kamfanin abincin kaji har ya yi ritaya, bai taɓa barin kowa ya riƙe masa sifana ba. Idan aka zuba masa shayi mai sanyi sai ya ɗaga kofi ya duba a haske. Idan ka ce masa rana ta fito, zai ce "haka ka ce", ya leƙa taga.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi wa tambaya ba, shi ne maganar babansa, wanda dangi ke kira Kawu Arvel. Shi ya koya masa kamun kifin bas, babban-baki, tun yana ɗan mitsitsi. A jikin injin da ke naɗe zare, kusa da marfin juyawa, akwai wani ɗan ƙarfe mai fukafukai kamar tauraro. Shi ne birki. Ka matse shi, zare ba ya fita ko da jaki ne ke ja. Ka sassauta, idan kifi ya fizga sai zare ya bi shi kaɗan kaɗan, inji na kuka. Kawu Arvel da filaya yake matse nasa. Yakan ce, "Yaro, ɗaure tauraro. Kifi ne zai zo wurinka, ba kai za ka bi shi ba." A zamaninsa maganar ta zauna daidai, don zaren lokacin ya kai kaurin igiyar shanya. Duniya ta canja, zare ya koma siriri kamar gashi, Kawu Arvel ya kwanta dama, amma Delmas na nan yana matse tauraro har jijiyar wuyansa ta fito.

Ban da wannan, babu mai kushe shi a harkar sanda da inji. Idan zai sayi sanda, Mis Earline kan aika a kawo mata kujera, don ta san yini za a yi. Ya lanƙwasa wannan, ya kai ido ya bi zobban waccan ko akwai wanda ya kauce layi, ya ɗora ta kan yatsa ya ga ina nauyinta ya karkata. Idan ya ga wadda ta ɗan kwanta masa, sai ya ɗora tsininta a maƙogwaron mai shago, shi kuma ya riƙe gindi ya rufe ido. Wai sandar kirki sai ka ji rawar murya a tafin hannunka, don da haka za ka ji kifi ya taɓa ƙugiya a ƙasan ruwa.

"Yi magana, Mis Earline."

"In ce me? Delmas, ka saya ko ka fice min daga shago."

"Na ji 'saya', ban ji 'shago' ba. Wannan kurma ce. Kawo wata."

A gida kuwa, duk lokacin sanyi yana gareji. Ya kwance inji gaba ɗaya, ya zuba ƙananan ƙarafa a kwalin ƙwai, kowanne da raminsa, ya bi su da tsohon buroshin haƙori. Mai kuwa da tsinin allura yake ɗiga shi, wai idan ya yi yawa kwarkwaron zare nauyi yake yi. Safar Nadine mai shara-shara ba ta kwana lafiya a gidan: sai ya zura ta cikin zobban sanda ya ja, idan ta kama, ya san zobe ya tsage zai ci masa zare. Nadine ta daɗe tana zargin injin wanki da cinye mata safa. Kafin ya yi jifa kuma sai ya daidaita kwarkwaro, ya saki tsutsar roba ta sauka a hankali, tana taɓa ƙasa kwarkwaro ya tsaya cak. Wanda bai iya wannan ba, yana jifa zare zai cakuɗe masa ya yi sheƙa kamar ta tsuntsu. A duk dangi babu wanda ya kai ɗan Anti Lorene yin sheƙa. An ce har tsuntsaye kan biyo jirginsa neman haya.

Shi kuwa Tolbert kafinta ne, ƙato, mai sanyin magana, ba ya rabo da ledar dafaffiyar gyaɗa. Tun suna samari yake zama a bayan jirgin Delmas, shi ke riƙe koma idan kifi ya zo kusa, shi ke ɗaukar hoto kafin a mayar da kifin ruwa, shi ne kuma shaida idan an koma shago ana ba da labari. Al'adarsu kowace Asabar ba ta canjawa. Su biya shagon Mis Earline su sayi burodi da soyayyen nama, su wuce magangara, inda ake sauke jirgi a ruwa. Tolbert ya shiga jirgi tun yana kan tirela, Delmas ya yi baya da akori-kura har jirgi ya hau ruwa, sannan ya tafi ajiye mota ya dawo da ƙafa. Ba ya ba kowa makullin motarsa. Ko Tolbert.

Sun kama manya. Bangon falon Delmas cike yake da hotuna, a kowanne yana riƙe da babban-baki ta leɓe, fuska a murtuke kamar an ce kifin zai gudu da agogonsa. Kuma yana da wani kirari da kowa ya haddace. "Kifayena ba irin naku ba ne," yakan ce a shago. "Ni birkina a ɗaure yake tam, amma sai ka ji inji na kuka, ziiii, suna jan zare. Tambayi Tolbert."

Tolbert ya ɓare gyaɗa ya ce, "Yana kuka kam."

Abin ya ɓaci ne a tsakiyar zafi, lokacin da ciyawa ke rufe ruwa kamar tabarma. A irin wannan lokaci da kwaɗon roba ake farauta, da zare mai ƙarfi, kuma a nan kam maganar Kawu Arvel gaskiya ce: dole birki ya kasance a matse, don ka fizgo kifi daga cikin ciyawa da ƙarfin tsiya. Delmas ya zo da sababbin sanduna biyu iri ɗaya sak, don ya ji a ransa masu yin su za su daina yi, su bar shi. Ɗaya ta kwaɗo, ɗaya ta siririn zare. Akwai kuma wata kifanya a bayan tsohuwar gada da ake kira Tsohuwa, wadda kowa ya taɓa gani amma ba wanda ya taɓa riƙe leɓenta. Waɗanda ba su da kunya sun ce ta kai tsawon ƙofa.

Ranar nan kwaɗon Delmas na tsalle a kan ciyawa, sai ruwa ya buɗe, bakin Tsohuwa ya fito kamar bokiti, kwaɗo ya ɓace. Delmas ya ɗan jira kamar yadda ake yi, ya ɗaga sanda da duk ƙarfinsa. Maimakon ƙugiya ta shiga, sai inji ya ce ziiii, zare ya tafi salin alin. Kwaɗo ya dawo saman ruwa yana lilo, kamar ya je gaisuwa ya dawo.

Delmas ya dubi inji. Ya kai yatsa ɗaya ya taɓa tauraro. Tauraro ya juya.

"Da hannuna na matse wannan jiya," ya ce a hankali.

"Zafi ne," in ji Tolbert. "Ƙarfe kan saki."

"Ƙarfe ba ya saki. Mutum ke sakin sa."

Tun daga ranar garin ya shiga uku. Nadine ce ta farko, ko ta goge ƙura ta taɓa. Ta ce masa, "Delmas Kilgo, rabona da garejinka tun kana da gashi." Sai maƙwabci mai yankan ciyawa. Sai ɗan Anti Lorene, wanda aka hana shi tsallake ƙofar gida, bawan Allah, bai ci ba bai sha ba. Tolbert kaɗai ne bai shiga lissafi ba, kamar yadda mutum ba ya waiwayar kujerar da yake zaune a kai. Daga nan ne sanduna suka koma ƙarƙashin gado. Delmas ya saci jan farcen Nadine, ya ɗiga a fiffiken tauraro, ya ɗiga a jikin inji daidai da shi. Asabar da safe ɗigo na kallon ɗigo. Da yamma da ya dawo ya duba sandar siririn zare, sun raba hanya.

Ya zauna a kujerar falo ya yi ta juya abin. Ba a gida ba ne ke nan. Sai ya tuna shago: yayin da suke ciki suna sayen burodi, jirgi na waje, sanduna a shimfiɗe, duk wani mai baƙin ciki na wucewa ta gefensu. Ya ce yauwa.

Akwai wani rini kore shar mai warin tafarnuwa da ake tsoma wutsiyar tsutsar roba a ciki. Idan ya taɓa fata, sai ya ga dama yake fita. Delmas ya kwaɓa shi da man shafawa don kada ya bushe, ya shafe ƙarƙashin tauraro, ya tafi kamun kifi yana murmushi, abin da ya sa Tolbert ya tambaye shi ko ba shi da lafiya. Lahadi kuwa ya riga kowa zuwa coci, ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙa wa duk mai shiga hannu. Mutumin da ko a jana'iza ɗaga kai kawai yake yi! Ya kama hannu, ya juya shi, ya dubi babban yatsa, ya sunkuya ya shinshina.

Na farko, kore. Ya ce a ransa ya kama mai laifi. Na biyu, kore. Na uku ma. Mai kaɗa molon coci, kore. Mis Earline, kore har wuyan hannu, don ita ke sayar da rinin. Ashe ya manta duk mazan garin jiya suna tafki, kowa ya tsoma tsutsarsa. Cocin nan gaba ɗaya warin tafarnuwa yake yi. Da Fasto ya ɗaga hannu zai sa albarka, Delmas ya hango yatsa kore shar yana ƙyalli daga kan mumbari.

"Har da Fasto," ya raɗa wa Nadine.

"Dubi naka hannun, sakarai," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Wani zai haƙura daga nan. Delmas sai ya ce laifin launi ne. Asabar ta gaba ya saci jan bakin Nadine, wani mai ruwan hoda da ba mai tsoma tsutsa a cikinsa, ya shafe ƙarƙashin tauraro. A shago ya ƙi shiga, ya ce Tolbert ya sayo musu, shi ya tsaya gadin jirgi yana harare-harare. Ba wanda ya matso. Ya ɗan ji haushi ma. Suka wuce magangara, ya sauke jirgi, ya tafi ajiye mota, ya dawo ya shiga. Suna nisa da gaɓa Tolbert ya miƙo masa ledar gyaɗa.

Babban yatsansa ruwan hoda ne, kamar na amarya.

Delmas ya kashe injin jirgi. Ruwa ya yi tsit, sai wani zalɓe can yana kallon su.

"Tolbert. Nuna min hannunka."

Tolbert ya dubi yatsansa, ya kai hanci, ya ce, "Kai, wannan ai ƙamshin Nadine ne. Za ta kashe ka."

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka daina yin zare irin na babanka. Kana tafiya ajiye mota, in ɗan mayar da shi baya, kamar rabin fiffike. Ba yawa."

"Kana cin gyaɗarka a jirgina, kana kallon idona, kana kwance min birki?"

"Mutumina, na taɓa gaya maka da baki. Na ce wannan matsewar taka za ta riƙa tsinka maka zare. Ka tuna abin da ka yi? Bazara guda ba ka min magana ba, har ɗaurin auren ƙanwata ka zauna a mota. Sai na ce to, bari in bar baki ya huta, yatsa ya yi aiki."

"Tsohuwa fa?"

Nan Tolbert ya sunkuyar da kai. "Wannan kam ni na cuce ka. Na bar tabarau a gida, kai kuma ka je ka sayo sanduna kamar tagwaye. Ta kwaɗon na kwance, ban sani ba. Ya fi ci min rai fiye da kai."

"Wato kukan da injina ke yi..."

"Yana kuka kam," in ji Tolbert.

Delmas ya tada inji, ya juya jirgi, ya nufi magangara. Yana isa ya nuna gaɓa da haɓa. "Sauka."

Tolbert ya naɗe ledar gyaɗarsa, ya ɗauki sandarsa, ya sauka a hankali, don ƙato ne. Ya juyo ya ce, "Na bar maka komar. Ko da yake ban ga abin da za ka yi da ita ba." Mis Earline ce ta zo ta kai shi gida.

Kaka ta shigo, ciyawa ta kwanta, lokacin siririn zare ya yi, lokacin ɗan kifin katako mai ƙananan ƙugiyoyi da ake ja a buɗaɗɗen ruwa. Delmas ya fara fita shi kaɗai. Saukar da jirgi ma ya zama wasan kallo: ya ɗaure jirgi da igiya, ya ruga ya ajiye mota, ya rugo yana waige kada wani ya kusanci kayansa. Ya matse tauraro da filayar Kawu Arvel kanta, don a san an yi.

Ƙanana dai yana kama su. Amma da babba ya kama, ya yi fizgar nan ta kusa da jirgi, sai ka ji tas! Zare ya dawo yana kaɗawa a iska, kifi ya tafi da ɗan katakon a baki. Ya ce zaren ne ya kwana a shago. Ya mayar wa Mis Earline, ta ba shi wani. Tas! Ya ce ƙullin ne, ya canja salon ƙulli. Tas! Ya ce zobe ne ya tsage, ya cinye sauran safar Nadine bai samu tsaga ko ɗaya ba. An ce a kakar nan manyan kifayen tafkin duk da ɗan kunne suke yawo, kyautar Delmas. Ba a ƙara hoto ko ɗaya a bango ba. A shago kuwa ya daina kirari, ya koma sayen burodi ya fice. Idan ya hangi Tolbert a coci sai ya shiga karatun littafin waƙoƙi kamar za a yi masa jarrabawa.

"Ka zargi maƙwabci, ka zargi Fasto, ka zargi zare," in ji Nadine wata rana tana yanka burodin masara. "Saura mutum ɗaya a Alabama ba ka shinshina yatsansa ba."

"Wa?"

"Wanda ya ƙarar min da jan baki."

Ya ce ba da shi take ba.

Wata safiya mai sanyi, hazo bai gama tashi daga ruwa ba, yana jan ɗan katakonsa a gefen tsohuwar gada sai sanda ta tsaya kamar ta kama kututture. Sai kututturen ya motsa. Sanda ta lanƙwashe har tsininta ya sha ruwa. Zare ya miƙe ya fara wannan siririn kukan da Delmas ya riga ya haddace a kakar nan, kukan da ke zuwa kafin tas. Babban yatsansa na kan tauraro. Ya ji muryar Kawu Arvel a kunne: yaro, ɗaure. Ya dubi dama. Ya dubi hagu. Ya waiwaya baya, har kan gada sai da ya duba ko akwai mai tsaye. Da ya tabbata ko zalɓe babu, sai ya mayar da tauraro baya. Rabin fiffike.

Ziiii.

Wannan ƙara ya san ta. Ita ce ƙarar da ya yi shekaru yana taƙama da ita a shago. Kifi ya ja, zare ya bi shi, ya gaji, Delmas ya naɗo. Ya sake ja, inji ya sake kuka, ya sake naɗowa. Da ta taso gefen jirgi, kore da fari, baki kamar bokiti, ya buɗe baki ya ce, "Koma, Tolbert, koma!" Komar na kwance a bayan jirgi, ba mai ɗauka. Dole ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya zura hannu a ruwan sanyi ya kama leɓenta.

Tsohuwa ce. Ya ɗaga ta, ya juya da ita wajen bayan jirgi kamar yadda ya saba, ya murtuke fuska don hoto. Kujera ce kawai ke kallon sa. Ya daɗe a haka. Sannan ya cire mata ƙugiya ya mayar da ita ruwa, kamar yadda ake yi.

A shago ya kasa riƙe bakinsa. Ya ba da labari, ya ware hannuwa ya nuna tsawo. Mazan da ke shan kofi suka dubi juna.

"Wa ya gani?" in ji Mis Earline.

"Ni na gani."

"Hoto fa?"

"Babu."

"Delmas," ta ce, "in da ni na zo maka da wannan labarin, me za ka ce?"

Ya yi tunani, don duk abin da za a ce, ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, "Zan ce haka kika ce." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ya tarar da Tolbert a ƙofar gida yana goge katako. Ba gaisuwa, ba komai, ya buɗe bayan mota ya zaro sanda ɗaya ya miƙa masa kusa da hanci. An naɗe gindinta da jan ƙyalle, naɗi mai kauri.

"Wannan ta kwaɗo ce. Na sa mata ja, ko makaho zai gani. Kada ka kuskura ka taɓa ta."

Tolbert ya dubi sanda, ya dubi mai sanda. "Ɗayar fa?"

Delmas ya kalli bishiyar da ke gefen gida kamar yau ya fara ganin ta. "Ƙafata na ɗan damuna kwanan nan. Idan na je ajiye mota ba na saurin dawowa."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Asabar."

Har ya buɗe ƙofar mota, Tolbert ya ce, "An ce wai ka kama Tsohuwa."

"An ce."

"Inji ya yi kuka?"

Delmas ya ce, "Ya yi."

"To na yarda," in ji Tolbert, ya ci gaba da goge katakonsa.

Yau haka suke. Kowace Asabar Delmas ya matse tauraro da filaya a gida, ya tafi ajiye mota yana ɗingishi da ƙafar da lafiyarta ƙalau, ya dawo ba ya duban komai. Har yanzu ba ya ba Tolbert makulli. Har yanzu yana ɗaga shayi ya duba a haske.

Ranar da dangi suka taru a gidansa cin soyayyar tarwaɗa, aka ɗage wa ɗan Anti Lorene takunkumi ya shigo. Ya ci ya ƙoshi, ya goya hannu a baya, ya bi hotunan bango ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa kai.

"Taubashi," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "ashe duk wannan bangon na babban yatsan Tolbert ne? Ai sai a yanke ka daga hotunan a liƙa yatsa. A shafa masa jan baki ma, ya fi kyau."

Falo ya ɗauki dariya, har Nadine sai da ta ajiye cokali. Delmas ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya goge hannu, ya ƙare wa mai maganar kallo sama da ƙasa.

"Ɗan Lorene, ni na samu mai sassauta min birki. Kai tun da aka haife ka bakinka ba tauraro, zare sai zuba yake, sheƙa kan sheƙa, ba a taɓa ganin ko ɗan ƙaramin kifi a ƙugiyarka ba. Ka zo Asabar Tolbert ya matse maka shi. Ni zan kawo filaya."